Rayuwa bayan ciwon daji: tambayoyin da dattawan Tawa suka fi yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi sun fito ne daga bakin dattawa maza da mata na Tawa da kewayenta da suka yi jinyar ciwon daji a Yamai suka dawo gida, da kuma daga ƴaƴansu da suka yi zaman jinya tare da su. Ni ma ina cikinsu, domin an yi mini aiki a hanji ina da shekara sittin da ƴan kai, aka biyo da shimiyo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji da ake ƙarawa ta jijiya ko a sha, kuma har yau ina riƙe da karnena, wato ɗan littafina na asibiti, ina komawa wurin lokotoro. Abin da ke nan tunatarwa ce tsakanin waɗanda suka sha ruwa ɗaya, kuma duk inda ya saɓa da maganar lokotoron da ya san jikinka, maganarsa za ka bi.

Lokotoro ya ce ciwon ya kwanta. Na warke ke nan?

Abin da yake nufi shi ne hoton sikana, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, da awon jini da duban da ya yi da hannunsa ba su nuna sauran ciwon ba. Wannan babban albishir ne da ya cancanci hamdala. Sai dai ƙwayoyin daji ƙanana ne ƙwarai, kuma ƴan kaɗan daga cikinsu suna iya maƙalewa a wani lungu na jiki inda na'ura ba ta hango su, shi ya sa lokotoro mai kaffa-kaffa ba ya saurin furta kalmar warkewa ko da an matsa masa.

Ciwon da zai dawo ya fi dawowa a shekara 2 zuwa 3 na farko. A nau'o'i da dama, kamar dajin hanji da na bakin mahaifa, wanda ya cika shekara 5 ba tare da wata alama ba ana sa ran ya tsallake. Dajin mama da na prostat, wato ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, suna iya yin dogon barci su farka bayan shekara 10 ko fiye, don haka bin sawunsu ya fi tsawo. Yadda ake wannan bin sawu yana cikin amsar tambayar komawa Yamai.

Me ya sa mutanenmu suke cewa ba a tashi daga ciwon daji?

Suna faɗin abin da idonsu ya gani ne, amma ba su ga dalilinsa ba. Yawancin masu ciwon a ƙasarmu suna isa asibiti bayan ya riga ya bazu, bayan an yi watanni ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, wani lokaci har da tsaga da sakiya a kan kumburin. Akwai tsohuwar magana da kowa ya tashi ya ji, cewa daji ba ya son ƙarfe, idan allura ko wuƙar lokotoro ta taɓa shi sai ya fusata. Wannan magana ta ci rayuka da yawa. Mutumin da aka kai asibiti a makare, aka yi masa aiki ya rasu, sai a ɗora wa wuƙa laifi, alhali jinkirin ne ya yi ɓarna. Waɗanda aka yi wa aiki da wuri suka tashi kuwa galibi suna ɓoye labarinsu, sai garin ya zama ya san matattu bai san rayayyu ba.

Tun 1992 ake rubuta masu ciwon daji a wani kundi na ƙasa da ke Yamai, kuma dajin mama da na bakin mahaifa da na hanta suna cikin waɗanda aka fi gani. Biyun farko suna cikin waɗanda magani ya fi ci idan an tare su da wuri.

Tunda na ji sauƙi, me zai sa in ci gaba da wahalar zuwa Yamai?

Wannan ita ce tambayar da na fi ji, kuma ita ce wadda amsarta ta fi nauyi. Hanyar Tawa zuwa Yamai ta haura kilomita 500, ta Ƙonni da Dogonduci da Doso, kuma dattijon da aka yi wa aiki a ciki ya san yadda wuni guda a kujerar mota yake. Ga kuɗin mota na mutum biyu, ga nauyin sauka a gidan ɗan'uwa. Duk da haka, ciwon da ya dawo aka gan shi a hoto tun yana ƙarami ana iya cire shi ko a gasa shi da hasken na'ura, abin da ake kira gashi, wanda kuwa aka bari sai da ya kwantar da mutum sau da yawa sai dai a rage masa zafi. Jin sauƙi ba ya zama shaida, domin daji yakan yi watanni yana girma jiki bai ce komai ba.

A al'ada ana ba da randebu, wato ranar dawowa a duba mutum, kowane wata 3 zuwa 6 a shekarun farko, sannan a buɗa tazarar har ta kai sau ɗaya a shekara. Abin da ake dubawa ya danganta da irin ciwon. Wanda aka yi wa aikin hanji ana auna masa wani sinadari a jini da ake kira CEA, a yi masa sikana, a kuma leƙa hanjin da na'ura kimanin shekara guda bayan aikin. Mai prostat ana bin awon PSA, shi ma wani sinadari ne a jini, idan ya fara hawa a san da magana. Wadda aka cire wa mama ana duba tabon da hammata, a kuma ɗauki hoton ɗaya maman kowace shekara.

Akwai hanyar rage wahalar. Ka tambayi lokotoronka na Yamai waɗanne awo ne za a iya yi a babban asibitin jihar Tawa, ka yi su kafin tafiya ka riƙo sakamakon, don kada ka kwana uku a Yamai kana jiran takarda. Ka kuma tara komai a jaka ɗaya da ruwa ba ya shiga: karne, takardar aikin da aka yi, sakamakon naman da aka yanka aka auna, sunayen magungunan shimiyo da adadin zagayen da aka yi, da hotuna. Na ga dattijon da aka sake wa awo mai tsada saboda takardarsa ta ɓace a ƙaura daga wani gida zuwa wani. Ya kamata ɗa ko jika ɗaya mai karatu ya san inda jakar take, ya kuma ɗauki hoton kowace takarda a wayarsa.

Waɗanne alamu ne ba a jiran ranar randebu a kansu?

Sabon ƙullutu a kowane wuri, musamman kusa da tabon aiki ko a wuya ko hammata, da jini a bayan gida ko fitsari ko tari, da jini ga macen da ta daɗe da daina al'ada, da rama ba dalili, da ciwon ƙashi ko na baya da ke hana barci, da idon da ya yi ɗorawa, da tarin da ya haura mako 3. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya nufi asibiti mafi kusa da jakar takardunsa. Wanda yake cikin shimiyo ko bai daɗe da gamawa ba, idan zafin jikinsa ya kai 38, ya tafi a ranar ko da tsakar dare ne, kada a ce masassarar sauro ce a sayo magani a bakin titi, domin a lokacin garkuwar jikinsa a ƙasa take.

Na gama magani amma gajiya ba ta sake ni ba, ƙafafuna kuma suna mini kamar ina taka ƙaya. Tsufa ne ko saura ne?

Sau da yawa sawun magani ne ya haɗu da shekaru. Gajiyar da shimiyo da gashi suke bari takan ɗauki watanni, wani ma fiye da shekara, kuma barci kaɗai ba ya kore ta. Abin da aka tabbatar yana taimakawa shi ne motsa jiki daidai ƙarfi, kamar tafiya a ƙasa bayan sallar asuba ko da la'asar sakaliya, a fara da kaɗan ana ƙarawa. Amma a fara auna jini, domin ƙarancin jini da ciwon suga suna kawo irin wannan kasala, kuma suna da magani.

Tsikari da mutuwar yatsu kuwa suna zuwa ne daga wasu magungunan shimiyo da ke taɓa jijiyoyi. Ni kaina a hunturun farko ban iya taɓa ruwan randa ba sai an ɗumama mini na alwala. Yakan ragu sannu a hankali, ko da yake wasu yana zama musu. Haɗarinsa ga dattijo shi ne faɗuwa da raunin da bai ji ba, saboda haka a daina tafiya ba takalmi, a duba tafin ƙafa kowane dare, kuma sanda ba abin kunya ba ce.

Inna an cire mata mama, yanzu hannun ya kumbura, kuma ta gaji da shan ƙwaya kullum. Me za mu yi?

Kumburin yana faruwa ne saboda an cire kaluluwar hammata, sai ruwan jiki ya rasa hanyar komawa. A cire mata awarwaro da zobe masu matsewa a wannan hannu, a kiyaye shi daga yanka da ƙuna wajen girki, a ɗora shi kan matashi idan ta kwanta, a kuma nemi masu gyaran gaɓoɓi na asibiti su koya mata motsin da ya dace. Kada a yarda a yi masa tsaga ko ƙaho. Idan ya yi ja, ya yi zafi, ga masassara, wannan ƙwayar cuta ce ta shiga, kuma hukuncinsa ɗaya ne da alamun gaggawa da aka ambata a sama.

Ƙwayar da take sha, idan tamoksifen ce ko ɗaya daga cikin ƴan'uwanta irin su letrozol, ana shan ta shekara 5 zuwa 10, kuma tana rage yiwuwar dawowar ciwon ƙwarai. Ku lallashe ta, ku ce mata: «Inna, wannan ƙwayar ita ce mai gadin gidan.» Idan tana sa ta zufa da ciwon gaɓoɓi a gaya wa lokotoro, domin yana iya sauya mata wata. Mai shan tamoksifen idan ta ga jini ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, a kai ta da sauri. Maza masu karɓar allurar prostat su ma suna fama da zufa da raunin ƙashi da raguwar sha'awa, kuma ya kamata su faɗa ba tare da kunya ba.

Akwai abincin da aka hana? Maganin gargajiya fa?

Ba a hana tuwo da fura da nono da nama ba, kuma dattijon da ya rame yana bukatar ƙwai da wake da kifi da ganye irin zogale don ya mayar da jiki. Abin gudu shi ne taba, ta sha da ta ci, da giya, da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, domin gubar da ke cikinta tana lahanta hanta. Maganin gargajiya kuwa, duk abin da za a sha a faɗa wa lokotoro tukuna, domin wasu sassaƙe suna wahalar da hanta da ƙoda waɗanda shimiyo ya riga ya gajiyar. Mai cewa zai tumɓuke daji da garin magani idan an bar asibiti, a rabu da shi ko da wane ne ya aiko shi.

Yaya zan yi da azumi da salla?

Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185, ya sauƙaƙa wa mara lafiya ya sha ya rama, kuma malamai sun yi bayanin ciyar da miskini ga wanda ba a sa ran zai iya ramawa. Lokotoro ne zai faɗa ko jikin zai ɗauka, malami kuma ya faɗi hukuncin. Mai ƙoda mai rauni ko mai jakar bayan gida da aka manna masa a kan ciki bayan aikin hanji ya yi hattara sosai idan azumi ya faɗo a bazara, domin zafin Tawa yana ƙafar da ruwan jiki da wuri. Wanda ya samu izinin yin azumi ya tambaya yadda zai mayar da ƙwayoyinsa tsakanin buɗa-baki da sahur.

Salla kuwa, hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya wadatar: a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Masu jaka a ciki da masu yoyon fitsari bayan aikin prostat suna da sauƙin da shari'a ta yi wa mai lalura, kuma na san dattawan da suka ƙaurace wa masallaci shekara guda don kunyar tambayar da limami zai amsa musu a zama ɗaya.

An ce maganin dajin mata kyauta ne. Me ya sa muka sayar da bisashe?

Tun 2007 gwamnatin Nijar ta sa kula da dajin mata, irin na mama da na mahaifa, cikin ayyukan da ake yi kyauta a asibitocinta, kuma mata da yawa sun amfana. Amma dokar ba ta biyan kuɗin mota da abinci da masauki, kuma idan magani ya yanke sai iyali su saya a farmasi. Maza kuwa dokar ba ta shafe su ba. Shi ya sa kusan kowane gida da ya yi wannan jinya yana da labarin saniyar da aka sayar, ko buhunan albasa, ko kuɗin da ɗa ya aiko daga Abijan. Ya kamata a nemi ofishin taimakon jama'a na asibiti tun ranar farko, kuma tsohon ma'aikacin gwamnati ya bincika haƙƙinsa na ragin kuɗin magani kafin ya biya.

Wani abu ya sauya da ya kamata a sani. Kafin 2021 babu na'urar gashi a asibitin gwamnati a ƙasar nan, sai wanda ya samu hali ya tafi ƙasashe irin su Tunisiya ko Maroko. A shekarar ne Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai ta buɗe sashen gashi, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya.

Allah ne ya warkar da ni. Gode wa lokotoro ba ya rage tawakkali?

Ba ya ragewa. Annabi Ibrahim ya ce idan ya yi rashin lafiya Ubangiji ne yake warkar da shi, kuma wannan ita ce aƙidarmu. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, ya kuma ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Waraka daga Allah take, ta hannun bayinsa ta biyo, kuma wanda ya san wannan ba zai raina hannun ba.

Hannuwan kuma sun fi yadda mara lafiya yake zato yawa. Mun san fuskar wanda ya yi mana aiki, amma ba mu san wanda ya zauna a ɗakin awo yana duba naman da aka yanka har ya gano irin ciwon ba, alhali da maganarsa aka zaɓi magani. Akwai wanda ya sa mu barci ya tsaya a kanmu har muka farka, da ma'aikaciyar da ta yi haƙuri tana neman jijiya a hannun da shimiyo ya ƙone, da mai tura keken marasa lafiya, da mai share amai da asuba, da mutumin da ya ba da jinin da aka ƙara mana ba tare da ya san sunanmu ba. Ni abin da ya fi zama mini a rai shi ne wata yarinya sa'ar jikata, mai aikin dare, da ta ga ina rawar ɗari ta ce: «Baba, sannu, bari in ƙaro maka bargo», ta kuma dawo sau uku kafin gari ya waye. A wannan lissafi a sa matar gida ko ɗiyar da ta kwana a tabarma a barandar asibiti, da iyalin da suka sauke mu a Yamai wata da watanni.

Ta wace hanya zan nuna godiyar? Kyauta ta dace?

Abin da aka miƙa kafin a duba mutum, don a sa shi gaban layi, ya fita daga sunan kyauta, kuma yana cutar da talakan da ke bayansa. Bayan an gama magani kuwa, ƙunshin kilishi ko cuku da aka kai wa sashen gaba ɗaya, a ajiye gaban majo, wato babban ma'aikacin jinya na sashen, kowa ya taɓa, ba shi da laifi. Wasiƙa zuwa ga shugaban asibiti mai ambaton alherin da aka gani tana da amfani ga ƙananan ma'aikata fiye da yadda ake zato. Addu'a kuma ba ta da kuɗi, a yi ta a gabansu da bayan idonsu.

A ganina, abin da ya fi komai faranta musu shi ne su ga mutum ya dawo randebu da ƙafarsa. Masu aiki a sashen daji suna rufe idon mutane da yawa, kuma wanda ya ji sauƙi ya ɓace ba su san ko yana raye ba. Idan ka shigo bayan shekara 3 da babbar rigarka ka gaishe su, ka nuna musu amfanin wahalarsu, ka kuma ƙarfafa waɗanda ke zaune a layi da ƙarin ruwa a hannu. Wanda ya yi jinyar daji galibi ba a karɓar jininsa, amma ƴaƴansa da jikokinsa masu lafiya suna iya zuwa wurin ajiyar jini a Tawa ko Yamai su mayar da abin da aka ba mahaifinsu.

Ni na gamu da wulaƙanci ma. Godiya ta hana in faɗa?

Ba ta hana ba. Ni ma an taɓa daka mini tsawa a gaban ɗana saboda na maimaita tambaya, kuma na taɓa yin doguwar tafiya na tarar an ɗaga randebu ba a sanar da ni ba. Irin wannan a kai shi ga majo ko shugaban sashe cikin natsuwa, a faɗi rana da abin da ya faru, domin gyara ne ga na baya. Abin da bai kamata ba shi ne fushi da mutum ɗaya ya sa ka yanke zuwa asibiti, domin jikinka ne zai biya, kamar yadda amsar komawa Yamai ta nuna.

Ƴaƴana za su gada? Kuma in gaya wa mutane abin da ya same ni?

Ciwon daji ba ya yaɗuwa ta cin abinci a kwano ɗaya ko kwana a ɗaki ɗaya, kuma kaɗan ne daga cikinsa, kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100, yake bin jinin gado. Duk da haka ƴaƴa su san sunan ciwon da shekarun da ya kama mahaifinsu ko mahaifiyarsu, su faɗa wa lokotoro. Ƴaƴan mai dajin hanji ana so su fara awo tun suna shekara 40, ko kafin haka idan ciwon ya kama shi da ƙuruciya. Idan dajin hanta ne, a auna dukan gidan don ciwon hanta nau'in B, wanda yake da rigakafi. Mata daga shekara 30 su je awon bakin mahaifa, wanda ba ya ɗaukar lokaci, kuma akan yawaita yin sa a watan Oktoba.

Faɗa wa mutanen gari kuwa zaɓinka ne, ba wanda zai tilasta maka buɗe sirrin jikinka. Amma idan ka ji labarin maƙwabcin da ke ɓoye kumburi yana tsoron ƙarfe, ka je ka same shi shi kaɗai bayan sallar isha'i, ka gaya masa shekarar da aka yi maka aiki, ka nuna masa tabon idan ka ga dama, ka faɗa masa ƙofar da zai fara shiga a asibitin Tawa da takardun da zai riƙe idan an tura shi Yamai, sannan ka sa ɗanka ya raka shi ranar farko.